Masu aikin muhalli a Saudiyya, don Allah ku ba ni haske

Ɗan Maiwurno

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina leƙowa ina karanta hirarku ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya ishe ni shi ya sa. Ni ɗan Maiwurno ne can kusa da Sinnar, na karanci gandun daji da muhalli a jami'a a Sudan, na gama shekara ɗaya kafin yaƙin 2023 ya ɓarke, har na ɗan taɓa aikin sa kai da masu renon dakwara a wajen Damazin. Da abubuwa suka dagule kawuna ya yi min hanya na zo Jidda, yanzu ina shagonsa a Bab Sharif ina auna yadi ina ninke abaya. Ba raini ba ne wlh, da shi nake tura wa su Inna ɗan abin da ya samu tunda suna Kassala ba su koma gida ba har yau, amma duk sanda na ji ana maganar bishiya biliyan 10 da ƙasar nan ta ce za ta dasa sai in ji wani abu ya tokare min maƙogwaro, wai ga abin da na ɓata shekaru ina karantawa ana ta yinsa a gabana ni kuma ina riƙe da almakashi.

To tambayata, shi wanda ake kira mudirin muhalli a sharika ko a wurin kare namun daji, takamaimai me yake yi daga safe zuwa yamma? Ana ɗaukar baƙo irina ko na 'yan ƙasa ne kawai? Takardar shahadar karatuna ta Sudan tana da amfani a nan? Sannan iƙamata, wato katin izinin zamana a ƙasar, sana'ar da aka rubuta a kai ba ta da haɗi da karatuna ko kaɗan. Ni burina daji ne, in ga kaina cikin barewa da mariri, ba ofis ba. Wanda ya sani ya taimaka don Allah, ko da maganar ba mai daɗi ba ce.

Abu Sumayya, Yanbu

Wa alaikumus salam ƙanena. Tunda ka ce ko ba daɗi a faɗa to bari in fara da mara daɗin. Shekara tara ina wannan aiki, yanzu ni ne mai kula da muhalli a wata sharikar gine-gine da ke aiki a gaɓar Bahar Maliya, kuma mariri sau ɗaya na taɓa ganinsa da idona, shi ma ziyara aka kai mu. Abin da nake gani kullum ƙura ne da baƙin mai da takarda.

Ga yadda abin yake. Daga 2019 aka raba aikin muhalli a ƙasar nan zuwa cibiyoyi, akwai ta namun daji, akwai ta tsirrai da yaƙi da kwararowar hamada, akwai ta shara, akwai ta yanayi, sannan akwai ta tabbatar da bin dokar muhalli wadda ita ce ke hana irina barci, duk a ƙarƙashin wizarar muhalli da ruwa da noma, sai kuma sabuwar doka da ta fito a 2020. Aikin cikin waɗannan cibiyoyin galibi na 'yan ƙasa ne, kar ka ɓata lokacinka kana aika musu takarda. Ƙofar da ke buɗe wa baƙo ita ce ta 'yan kwangila da ofisoshin masu ba da shawara, don duk wani babban aiki sai an yi masa nazarin illar da zai yi wa muhalli kafin a ba shi izini, an kasa ayyukan gida uku gwargwadon haɗarinsu, bayan an ba da izinin kuma dole a samu mutum a wurin da zai tsaya ya ga ana bin sharuɗɗan. Mutumin nan shi ne ni.

Ƙarfe shida ina fili. In duba ko tankar ruwa ta jiƙa hanya saboda ƙura, in duba ƙarƙashin kowane janareta ko mai ya ɗiga, in leƙa inda ake tara batir da gwangwanin fenti, in karanta na'urar auna ƙara da ta iska, in ɗauki hoto, in dawo in rubuta. Rabin yinina rubutu ne.

Amma akwai ranar da ba na mantawa. Ka san daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku, to sai mutanenmu suka maida yawancin aikin dare, aka kafa manyan fitilu a bakin ruwa, bayan lokacin hanin ya wuce ma ba a sauke su ba. Wata safiya mai gadinmu, wani dattijo ɗan Bangaladash, ya shigo ofishina da bokitin fenti ya ajiye a kan tebur bai ce komai ba. Na leƙa, 'ya'yan kunkurun teku ne, kowanne bai cika tafin hannu ba, suna ta kokawar hawa bangon bokitin. A ƙarƙashin fitila ya tsince su. Ya ja ni muka je hanyar tifa, can kuma ga waɗanda taya ta bi ta kansu sun manne da ƙasa kamar an zana su. Su in sun ƙyanƙyashe da dare inda ya fi haske suke nufa, a daji ba kowa hasken yana wajen teku ne, mu kuma mun zo mun kunna musu rana a tudu. Kusan wata biyu ƙwan yana cikin yashi ba wanda ya san da shi, har da ni da ake biya don in sani. Na sa aka kashe fitilu huɗu na bakin ruwa, sauran aka juya musu fuska aka rufe su ta gefen teku, aka ja igiya a wurin. Mudirin aikin ya yi ta sababi wai na jawo masa jinkiri saboda "kifi", sati biyu ba ya amsa sallamata. Abin da ya cece ni kawai sharaɗin yana rubuce a cikin izininmu, na buɗe masa shafin na ce ya sa hannu cewa shi ya ce a kunna. Bai sa ba.

Wannan shi ne wuyar aikin, wanda kake sa wa ido shi ke biyanka albashi, kuma iƙamarka tana hannunsa.

Maganar takardu kuwa, ka fara da tantance shahadarka, na san da yaƙin nan abin ya zama wahala amma jami'o'i da dama sun buɗe ofis a garuruwan da ke da lafiya, ka sa wani ya bi maka. Ka yi kwas ɗin ISO 14001 na tsarin kula da muhalli, in da hali ka haɗa da NEBOSH na kiyaye haɗari a wurin aiki don yawancin sharikoki muhalli da kiyaye haɗari mutum ɗaya suke ɗora wa. Ka gyara Turancinka na rubutu, rahoto da shi ake yi, Larabcinka kuma riba ce babba don da shi za ka yi magana da jami'an da ke zuwa duba aiki. Canja sana'a da komawa wata sharika ta Qiwa ake yi, wato shafin ma'aikatar ƙwadago, kuma tun 2021 an sassauta komawa wata sharikar, ba kamar da ba da sai kafili, wato wanda iƙamarka ke ƙarƙashin sunansa, ya ga dama.

Baba na Misfala

Salamu alaikum. Ni ba ɗan boko ba ne, jikata ke rubuta min. A Makka aka haife ni, kakana da ƙafa ya zo daga ƙasar Katsina, shekara bakwai a hanya, har ya yi noman auduga a Jazira kafin ya ƙetaro ta Sawakin, don haka ɗana ɗan Maiwurno kai na gida ne.

Abin da zan gaya maka, in Allah ya ba ka aikin nan ka tuna da talaka. Ina da aboki tun muna yara, shekara talatin yana kiwon raƙuman wani a bayan Ɗa'ifa, inda suke kiwo tun fil azal rana ɗaya aka ce ya zama wurin da aka kare. Raƙumi bai iya karatun allo ba. Suka shiga, askarawan muhalli suka zo, riyal 500 kan kowane raƙumi, mai raƙuman ya ce shi ba ruwansa sakacin makiyayi ne, a albashinsa aka dinga cira. Haka masu itace, da can kowa ya san da itacen samur ake gasa nama a yi gahawa, yanzu in aka kama ka da itacen ƙasar nan kana sayarwa tarar tana kai riyal 16,000 a kan abin da bai cika bayan ƙaramar mota ba. Ban ce a bar mutane su aske daji ba, na ga wuraren da nake sha inuwa ina yaro yanzu ko kara babu. Kuma abin ba baƙo ba ne a addini, mu nan Harami an hana a sare itacensa ko a kori farautarsa tun asali, aka jaddada haka ranar da aka buɗe Makka, ciyawar izkhir kaɗai aka togace da Abbas ya roƙa. Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya keɓe makiyayar Naƙi'i, Sayyidina Umar ya keɓe ta Rabaza. Amma ka ji abin da Umar ya gaya wa yaronsa da ya ɗora a kan wurin, ya ce ya sassauta wa mutane ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki ya bar su su shiga, garken Ibn Auf da na Ibn Affan su ne zai tare, don su in dabbobinsu suka mutu suna da gonakin dabino, talaka kuwa 'ya'yansa zai kwaso ya zo ƙofar Umar. To yanzu ni a ganina an juya abin, mai garke dubu ya san wanda zai kira a waya.

Ummu Rayyan

Baba Allah ya ƙara girma, maganarku gaskiya ce, sai dai a yi wa ma'aikatan adalci su ma, kiwon yanzu ba irin na zamaninku ba ne, da mota ake kai wa dabbobi ruwa da sha'ir har tsakiyar sahara, to garken da a da fari zai kore shi ya bar ƙasa ta huta yanzu yana nan daram shekara ta zagayo, ciyawa ba ta samun ta zubar da iri. Shi ya sa in ka tsaya a jikin wayar shingen wurin da aka kare za ka ga ciki da waje kamar ƙasa biyu.

Ɗan'uwa ɗan Maiwurno, ni a nan Jidda na yi karatu, fannin muhalli, kuma ni ma da namun daji na shiga a raina, yau ga ni a harkar shara shekara shida. Kar ka yi dariya. Inda aikin yake kenan. Asibitoci, masana'antu, otal-otal, kowa yana bukatar wanda zai riƙe masa lissafin abin da yake fitarwa da inda aka kai shi. Lokacin Hajji ma ana ɗaukar ma'aikata na wucin gadi, ni da shi na fara, kwana biyar a Mina ina bin kwantenoni da takarda a hannu ina rubuta wanne ya cika wanne ya fara tsami, ƙafata sai da ta kumbura ta ƙi shiga takalmi, amma takardar shaidar da suka ba ni ita ta buɗe min ƙofar da nake ciki yanzu.

Sannan tunda kai gandun daji ka karanta ina ga kana raina abin da ke hannunka. Masu kwangilar dashe suna neman wanda ya san renon iri, wanda ya san yadda ake jiƙa ƙwayar bagaruwa da ruwan zafi ko a kankare ta kafin ta tsiro, wanda ya san wane itace ne zai rayu in an janye masa tiyo. Da yawa cikin itatuwan nan ai iri ɗaya ne da na wajenku, talha, sidir, aduwa, har darbejiyar da ke Arfa. Akwai kuma dashen shura, itacen nan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, ana yinsa sosai a wajen Jazan da sauran gaɓa. Ka nemi masu gidan renon tsirrai a hanyar Usfan da Bahra ka ce ko kyauta za ka riƙa zuwa ranar Asabar. Kawu zai yi ƙorafi, ka lallaɓa shi.

Abu ɗaya, kar ka biya kowa kuɗi wai zai samo maka aiki. Wani ya cinye wa ƙanin mijina riyal dubu huɗu a haka.

Tsohon Galagu

Ya zol, da na ga Maiwurno sai da gabana ya faɗi, ni ɗan wajen Dindir ne, yanzu ina Riyad ina tuƙi. Shekara biyar na yi ina aiki da wani shiri na haɗa kan ƙauyukan da ke gefen gandun Dindir da hukumar gandun, to tunda daji kake so bari in ba ka labarin dajin.

Gandun nan tun 1935 aka kafa shi, girmansa ya kai murabba'in kilomita dubu 10, ya jingina da iyakar Habasha. Da damina ba ka shiga, laka ce mai riƙe mota har sai Nuwamba ko Disamba. Da rani kogin Dindir ya tsaya ya zama yashi da 'yan tafkuna, sai rayuwa duk ta koma fadamun da muke kira maya, nan za ka ga ɓauna da gwanki da gadu da jimina, da dare ka ji zaki daga sansanin Galagu. Raƙumin dawa kuwa sai a bakin tsofaffi, an daina ganinsa tun kafin in je. Ranar farko da na kwana can ban runtsa ba don murna. Bayan wata uku na gane aikina ba da ɓauna ba ne, da mutane ne, don ruwan da ɓauna ke sha shi makiyayi ke nema, shi masunci ke nema, ciki har da Hausawanmu na bakin Rahad, ga masu zuma da ke kunna wuta su tafi su bar ta, ga masu gawayi. Kuma makiyayan nan ba son ransu ne ya kawo su ba, manyan gonakin tarakta na Gadarif da Sinnar sun cinye burtali da makiyaya, doka ta ce mai gonar damina ya bar kashi 10 cikin ɗari na filinsa da itatuwa, je ka ƙirga waɗanda suka bari. To ina za su? Sai gandu. A kama shanu, a ci tara, wani lokaci har a yi harbi, shekara ta zagayo a sake.

Na taɓa zama a ƙarƙashin wata kuka daga hantsi har la'asar da shugabannin makiyaya da wani hafsan 'yan sandan namun daji, a kan rijiya ɗaya tak da muke so a haƙa a wajen iyaka don shanu su daina shiga maya. Shayi tulu uku muka sha. Wani tsoho bai ce uffan ba sai can ƙarshe ya ce, ku da kuka zo da mota, in rijiyar ta ƙafe wa za mu nema? Ba wanda ya iya amsa masa, don mun san shirin namu saura shekara ɗaya kuɗinsa ya ƙare. An haƙa rijiyar. Famfonta ya lalace bayan mun tafi, haka aka gaya min.

Nan Saudiyya suna da kuɗin da mu ba mu da shi, sun dawo da mariri bayan an ƙarar da shi a daji a 1972, sun sake shi a Mahazat as-Said gabas da Ɗa'ifa a 1990, Uruƙ Bani Ma'arid ma UNESCO ta sa shi a jerinta a 2023. Amma ka tambayi waɗanda suka san Mahaza, shingen da ya kare dabbobin daga mafarauta shi ya hana su bin ruwan sama da fari ya zo, mariri da barewa suka mutu da yawa a jikin waya. Ko jiminar da ke ciki daga Afirka aka kawo ta, mai jan wuya irin tamu, don tasu ta ƙare tuntuni. Ka koyi duk abin da za ka koya a nan, taswira ta kwamfuta musamman, don ranar da ƙura ta lafa a gida wanda ya iya wannan za a nema da fitila. Ni dai na ji an sare dajin Sunut na Khartum sosai a yaƙin nan, mutane ba gas dole su yi girki.

Ɗan Maiwurno

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, ban zaci zan samu haka ba. Baba na ji, in sha Allahu ba zan manta ba, a gaida jikar taku da ta sha rubutu. Yaya Ummu Rayyan wlh kin taɓa min inda ke min ƙaiƙayi, renon iri kam na iya shi kamar yunwar cikina, buhun ƙwayar dakwara nawa na tsince da hannuna. Tsohon Galagu ashe kai ne ka rayu a mafarkina, mu sau ɗaya aka kai mu Dindir muna aji uku, motar ta kafe muka kwana a hanya. Yaya Abu Sumayya tambaya ɗaya ta rage, shi kwas ɗin ISO ɗin nan in fara shi yanzu ko in jira shahadar ta fito? Don kuɗin ba za su ishi biyun a lokaci ɗaya ba.

Abu Sumayya, Yanbu

Shahada tukuna, in babu ita ba za a canja maka sana'a a iƙama ba, kwas kuwa kwana biyar ne ko yaushe ka yi shi. Kafin nan ka bi shawarar Ummu Rayyan, kuma duk ranar da ka je gidan renon ka riƙe ɗan littafi ka rubuta iri nawa aka shuka nawa suka tsiro nawa suka mutu bayan wata uku, da hoto da kwanan wata, shi za ka ajiye a gaban mai ɗaukar aiki. Ka turo min takardar bayaninka ta saƙon sirri in duba maka Turancin, amma sai bayan Juma'a, wannan satin masu duba aiki za su zo mana kuma har yanzu ban gano inda direban tanka ya kai baƙin man watan jiya ba, rasit ɗin da ya kawo min ba hatimi.